Wa Ya Ce Tsohuwar Mota Sai da Yoyo?

Muƙalar wannan makon babu ƙamshin turare a jikinta, baƙin mai ne da giris, don haka mai farar shadda ya ɗan tattare hannun riga.

Akwai wata magana da ta zama kamar hadda a bakin masu mota da kanikawa, tun daga Samaru har Sabon Gari: "Ai tsohuwar mota sai da yoyo." Tana da ƙanwa, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ce "A dai lallaɓa." Za ka ji su a bakin direban Golf mai jiran lodi a Kwangila, za ka ji su a bakin malamin jami'a mai digiri uku, kuma duk da murya ɗaya suke faɗa, muryar wanda ya gama yanke hukunci. Ni kuwa na zo ne in ce ƙarya ce. Ƙarya ce mai cin kuɗi a kullum, wata rana kuma ta ci rai.

Duk wanda ke shakkar yadda wannan ƙarya ta yi jijiya a garin nan, ya sunkuyar da kai ya dubi ƙasa. Ya dubi inda motoci ke tsayawa a bakin kasuwar Sabon Gari, ko gefen titi a PZ, ko filayen ajiye motoci na cikin Jami'ar Ahmadu Bello. Tabo ne baƙi a kan tabo baƙi, har ka iya gane inda kowane inji ya kwana. Mun saba da shi har idonmu ya daina gani.

Mu fara da irin motocin da muke hawa, don a yi adalci. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, kimanin kilomita 80 kacal daga nan, kuma akwai lokacin da ma'aikacin gwamnati kan karɓi bashin mota ya ɗauko 504 sabuwa dal da ledarta. Daga 1986, da tsarin tsuke bakin aljihu ya karya darajar naira, wannan zamani ya fara juya mana baya, muka koma 'yar Kwatano da tokumbo. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma Afirka ce ta kwashi kaso mafi girma. Su ne muke gani a titin Sakkwato kullum. Golf 3 da ke jigilar fasinja an fara ƙera ta a 1991. Peugeot 406, abar ƙaunar 'yan Arewa, ta fito a 1995. Honda ɗin nan da ake wa kirari da EOD ta 2003 zuwa 2007 ce. A Ingila, mota in ta shekara uku sai an duba lafiyarta kowace shekara, a Jamus kuma duk shekara biyu, kuma motar da ke ɗigar da mai a ƙasa tana iya faɗuwa wannan jarrabawa. Kuɗin aikin bakanike a can ya yi tsadar da mai ita kan ga gara ya rabu da ita. Ma'ana, da yawansu da ciwonsu suka hau jirgin ruwa.

To, har nan masu waccan magana suna da rabin gaskiya: tsohuwar mota takan fara yoyo. Inda suka ɓata shi ne da suka mai da abin halitta, kamar furfura a kan tsoho. Abin da ke tsufa a jikin inji har mai ya sami hanya, mafi yawan lokuta, roba ce. Duk inda ƙarfe biyu suka haɗu kuma akwai mai a bayansu, an sa gaskit a tsakani. Duk inda wani ƙarfe mai juyawa ya leƙo waje daga cikin inji ko giya, an sa masa zoben roba, wanda kanikawa ke kira sil, ya rungume shi. Roba kuwa zafi ne ajalinta. Shekara ashirin tana dahuwa tana hucewa, sannan ta zo ta haɗu da ranar Zariya ta watan Maris da Afrilu, da ƙurar hunturu mai shiga ko'ina. Sai ta bushe, ta ƙage, ta tsage kamar tsohon silifa. Wannan shi ne yoyon gaba ɗayansa, kuma roba abu ce da ake cirewa a sa wata. Tsohon soro ma yana yoyo da damina, amma ban taɓa jin maigidan da ya tara iyalinsa ya ce musu "tsohon ɗaki sai da yoyo, kowa ya nemi roba ya tara" har shekara biyar ba. Magini ake kira ya yi yaɓe.

Masu lallaɓawa suna ganin tattali suke yi. Mu yi lissafin tare. A ce motarka tana zubar da lita ɗaya ta baƙin mai duk sati biyu, wanda a wurin mutane da yawa wannan ba ma abin magana ba ne. A shekara lita 26 ke nan. Injin ƙaramar mota kusan lita huɗu yake ɗauka a juye guda. Wato ka sayi man juye shida da ɗoriya ka shayar da ƙasa, ban da juyen da za ka yi na ainihi. Je ka Sabon Gari ka tambayi kuɗin galan ɗaya na man kirki yau, ka ninka shida, sannan ka tambayi kuɗin gaskit ɗin murfin saman inji har da ladan ɗaurawa. Ba sai na faɗa maka amsar ba. Abin da ke ruɗin mutum shi ne kuɗin ƙarin mai kaɗan-kaɗan yake fita, ba ya jin zafinsa, kuɗin gyara kuwa a dunƙule yake zuwa. Kuma wanda ya saba ƙari ba ya tsayawa kan mai ɗaya. Yau na galan, gobe na kwalbar lemo a bakin titi wanda ba wanda ya san asalinsa, jibi mai kauri don wai ya rage zuba. Wasu har daina juye suke yi, su ce ai kullum sabo suke zubawa, alhali dattin da ke cikin kasko da matatar mai yana nan bai je ko'ina ba.

Gano inda mota ke yoyo kuma ba duba ba ne, ba ya buƙatar malami. Kwali guda ya isa a fara. Ka shimfiɗa shi ƙarƙashin motar da daddare, da safe ka karanta abin da ta rubuta maka. Baƙi ko ruwan ƙasa mai santsi, man inji ne. Ja-ja, yawanci man giyar otomatik ne ko na sitiyari. Mai kauri da wari mai hawa kai, man giyar manuwal ne. Kore ko ruwan hoda mai ɗan danƙo, ruwan lagireto ne. Fari-fari ko ruwan zuma maras kauri a kusa da taya, wannan man birki ne, za mu zo kansa. Ruwa garai da ke ɗiga bayan an kunna na'urar sanyaya mota, shi kaɗai ne ba laifi. Daga nan sai a wanke injin tas, a bar shi ya bushe, a yi 'yar tafiya, daga Samaru zuwa Kwangila a dawo ta wadatar, sannan a haska fitila a nemi wuri mafi tsawo da ya jiƙe. Mai ƙasa yake gangarowa, iska kuma baya take kora shi, saboda haka inda ka ga yana ɗiga sau da yawa ba nan ne ƙofarsa ba. An sha sauke giya don canza sil ɗin bayan inji, aikin yini guda, a ɗaura a ga yoyo na nan, ashe ɗan makunnin fitilar mai ne can sama yake tsiyaya, abin da sifana ɗaya ke kwancewa. Duk bakaniken da ya leƙa ƙarƙashin mota mai daƙon shekara uku ya ɗago ya ce "sai an sauke inji" ba tare da ya wanke ba, canki-canka yake yi da aljihunka.

Akwai kuma abin da ba kasafai ake dubawa ba. Inji yana numfashi. Hayaƙi kan sulale ta gefen fistin ya taru a cikin kaskon mai, sai aka yi masa wata 'yar hanya mai bawul da tiyo da ke zuƙe shi. In wannan hanya ta toshe da datti, iskar sai ta nemi mafita da ƙarfi, ta riƙa tura mai ta kowane sil. Ka canza wannan, wancan ya ɓalle, kai kuma ka ce motar ce mai taurin kai. Haka nan gam. Kanikawanmu suna son gam kamar yadda mai shayi ke son madara. Gaskit ya mutu, maimakon sabo sai a lafta gam a ɗaure noti har sai ya yi ƙara. Rarar gam ɗin da ta matso ta ciki takan gutsure ta faɗa kasko, ta je ta liƙe rariyar da famfon mai ke zuƙa ta cikinta. Ranar da fitilar mai ta kawo ja a kan hanyar Kano, ba wanda zai tuna da gam ɗin wata uku da suka wuce. Ita wannan fitila, tunda an zo kanta, ba tunatarwa take yi ba. Cewa take mai ya daina zagayawa, ka kashe inji yanzu. Wanda ya ce bari ya ƙarasa gida, injin ne zai buga kafin ya ƙarasa.

Da yoyo a kan kansa yake tsayawa, da sai in ce kowa ya yi yadda ya ga dama da kuɗinsa. Amma man da ya fita ba ya tafiya shi kaɗai. Wanda ya fito ta sil ɗin gaba yana jiƙa tayimin bel a motocin da ke amfani da shi, irin su 406, kuma bel ɗin roba ne, mai yana ruɓar da shi. In ya tsinke ana cikin gudu, a injuna da yawa fistin ne zai daki bawul ya lanƙwasa su, an tashi daga gyaran sil an koma gyaran kan inji. Wanda ya fito ta sil ɗin baya yana shafa faifan kuloci, sai ka taka totur inji ya yi ta ihu mota ba ta gaba. Wanda ya gangaro gefe yana cin robobin da inji ke zaune a kansu, yana shiga altaneta, in ya sami salansa mai zafi kuma ga hayaƙi, ga barazanar gobara. Giyar otomatik ita ma ba ta yafiya: manta ya yi ƙasa, faya-fayan cikinta su riƙa sulɓi har su ƙone, kuma duk mai irin wannan mota ya san kuɗin giya ba abin wasa ba ne. Shi ya sa mai hankali, ranar da aka sauke giya don canza kuloci, yake cewa a canza sil ɗin baya gaba ɗaya, ranar canza tayimin bel kuma a haɗa da sil ɗin gaba da famfon ruwa. Ladan kwancewar ne mai tsada, an riga an biya shi.

Yanzu mu sauka ƙasa, wajen ƙafa, inda lallaɓawa ta fi yi mana ɓarna a ɓoye. Yawancin ƙananan motocinmu da tayoyin gaba suke ja. Ƙarfin inji yana fita daga giya ya bi ta wani sandan ƙarfe, shaf, ya isa taya. Tunda taya tana juyawa dama da hagu kuma tana tsalle sama da ƙasa, sai aka yi wa shaf ɗin gaɓa a kowane kai, mai ƙwallayen ƙarfe a cikin keji, an cika ta da baƙin giris, an rufe da wata roba mai ninki-ninki kamar zugazugin maƙeri. Muddin wannan roba tana da lafiya, gaɓar tana iya kai shekaru ba ta ce uffan ba. Ranar da ta tsage, juyawar shaf za ta watsar da giris ɗin waje, ka gan shi fatsi-fatsi a cikin taya, ƙasa da ruwa kuma su shiga su maye gurbinsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ka tuna irin layukan unguwanninmu, Hayin Dogo ko Muciya, ƙura da rani, taɓo da damina. Yashi da ragowar giris in suka haɗu sun zama abin wasa wuƙa, su yi ta cin ƙwallayen nan. Bayan ɗan lokaci sai ka fara jin ƙas-ƙas-ƙas duk sanda ka karya kwana kana taka totur. Wannan ƙarar sanarwar rasuwa ce, lokacin magani ya wuce, sai sabon kan shaf.

Me muke yi idan aka ga robar ta tsage? A ɗaure da leda da igiyar roba ta tsohon tiyub, a ce a lallaɓa. Robar nan tana cikin kaya mafi araha a ƙasan mota. Da an canza ta a satin da ta tsage, an wanke gaɓar an sake giris, da magana ta ƙare. Ban san wani wuri a rayuwa da mutum ke ƙin biyan kuɗin ƙofa ya yarda ya biya kuɗin kayan ɗaki gaba ɗaya ba, sai a gareji.

Ƙarar shaf aƙalla tana ba da wa'adi, boris ɗin taya ma haka, yakan yi ta gurnani yana ƙaruwa da gudu. Bol-joyin ba shi da wannan ladabi sosai. Shi ne gaɓar da ke riƙe da ƙafar mota, shi ma da 'yar robarsa da giris ɗinsa. Kowa ya taɓa ganin mota, sau da yawa Honda, ta durƙusa a tsakiyar titi, tayar gaba ta kwanta a gefe kamar raƙumin da aka karya. Mutane su taru suna cewa ai halin Honda ne. Gaskiya ne tsarin ƙafar wasu Honda yana ɗora wa wannan gaɓa nauyi mai yawa, amma ba ta taɓa ɓallewa rana tsaka tana lafiya. Sai robarta ta yage, ta bushe, ta yi ta ƙugi a kan ramuka, sitiyari ya yi nauyi, mai ita ya ƙara sautin rediyo. In ta cire a cikin cunkoson Sabon Gari, abin kunya ne da kuɗin janwe. In ta cire bayan an wuce Shika ana gudu a hanyar Funtuwa, sai dai a nemi waɗanda suka san masu motar. Ɗaga mota a jak a girgiza taya a ji ko akwai wasa, minti nawa yake ci?

Man birki kuwa, a nan ne raina ya fi ɓaci. Hanyar man birki a rufe take ruf, ba ya ƙonewa kamar fetur. Yakan ɗan sauka a hankali yayin da takalman birki ke cinyewa, amma motar da ake ƙara wa man birki kowane sati tana da ƙofa a buɗe, kuma ƙofar nan ba ta san ranar da za ta wangale ba. Duk da haka akwai direbobin haya da ke ajiye gwangwanin man birki a aljihun ƙofa kamar goro. Akwai ma waɗanda in ya ƙare musu sukan kaɗa ruwa da garin sabulu su ɗura. Man birki mai lamba DOT 3 sabo ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 205 a ma'aunin Selshiyas, DOT 4 kuma 230. Ruwa a digiri 100 yake tafasa. Birki da zafi yake aiki, in ruwan ya tafasa ya zama tururi, tururi kuma matsuwa yake yi, sai ka taka feda ta tafi har ƙasa ba abin da ya kama. Wannan direba bai tambayi mutum shida ko bakwai da ya cusa a motar ko sun yarda a lallaɓa da rayukansu ba. In an yi hatsari kuma a rubuta "birki ya tsinke," kamar daga sama abin ya faɗo.

Na lagireto ba zan daɗe a kansa ba, kowa ya san jarkar ruwa a but. Tiyo ya tsufa ko murfi ya saki, maimakon a canza sai a yi ta ɗura ruwan rijiya mai sa tsatsa, a cire tamostat a jefar wai na ƙasar sanyi ne, a haɗa fanka kai tsaye. Ranar da aka manta ba a ɗura ba, gaskit ɗin kan inji ya ƙone.

Na san abin da wani zai rubuto a ƙasan wannan muƙala: "Malam, kana magana kamar ba ka san halin da ake ciki ba." Na sani. Tun 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin fetur, aka kuma saki naira a watan Yuni, kayan gyara da mai sun yi tashin da albashi bai bi su ba. Mutum yana da kuɗin makaranta, ga buhun masara, ga haya. Ba kuma cewa nake kowane naso sai an kwana a gareji a kansa ba. Yoyo hawa-hawa ne: akwai naso, akwai tsatsafo, akwai ɗiga, akwai zuba. Nason da ke gefen murfin inji, wanda ba ya kaiwa ƙasa kuma ba ya kusa da bel ko salansa, zai iya jiran albashi biyu muddin kana duba geji. Man birki da fetur da bol-joyin ba sa jiran ko gobe, in babu kuɗinsu a ajiye motar a hau Keke. Robar shaf tana jiran sati, ba ta jiran shekara. Wannan shi ne tsara gyara bisa ƙarfin aljihu, kuma ya sha bamban da lallaɓawa, domin mai tsarawa ya san ciwon, ya san ranar da zai biya. Mai lallaɓawa ya ƙi ma a gaya masa. Kuma talaucin da ake kafa hujja da shi, shi ne babbar hujjata. Mai hali in injinsa ya buga, gobe zai sa a kawo masa wani daga Kano. Talaka in nasa ya buga, motar ta zama ɗakin kaji a ƙofar gida har 'yan gwangwan su zo tayi. Wanda ba shi da kuɗin inji shi ya fi kowa buƙatar ya sayi sil.

Laifin kuma ba na kanikawa kaɗai ba ne, kodayake su muka fi jin daɗin zagi. Garin nan yana da sashen koyar da injiniyancin injuna a Samaru, yana da Cibiyar Fasahar Sufuri ta Ƙasa a hanyar Basawa tun 1986, yana da kwalejin da ake koyar da gyaran jirgin sama a Palladan, inda ɗigo ɗaya na mai sai an bi sawunsa an rubuta. Ilimin yana garin. Amma ɗan bokon da zai kwana yana gardama kan waƙafi a rubutun ɗalibi, bai taɓa buɗe littafin motarsa ya ga wane man giya aka ce ya zuba ba. Honda tana da nata man giya da nata man sitiyari, a zuba mata na kowa-da-kowa, sil ya kumbura ko ya saki, a ce tsufa ne. Mu ne kuma ba ma biyan kuɗin bincike. Bakanike ya ɓata awa biyu yana neman inda ciwo yake, ya gano, ya ɗaure noti ɗaya, sai mu ce "ai ba ka yi komai ba," mu miƙa masa kuɗin ruwan leda. Wanda ya kwance rabin mota a banza shi muke gani ya yi aiki. Da hannunmu muka koya musu cewa tunani ba ya kawo kuɗi, kwance-kwance ke kawowa. In ya ce kaya iri biyu ne a kasuwa, kafin ya rufe baki mun ce a kawo mai arahar, in ya lalace bayan wata biyu mu ce ya cuce mu. Araha dai ba ta ado.

Su ma kanikawa ga nasu kason. Yaro ya shekara biyar yana miƙa sifana yana shan ranƙwashi, ya iya kwancewa da ɗaurawa, amma ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya gaya masa dalilin abu. Sai ya buga sil da guduma da sukundireba ya lanƙwasa leɓensa tun kafin ya fara aiki, ko ya ɗora sabo a kan ƙarfen da tsohon ya riga ya yi wa zobe, yoyo ya dawo cikin sati. Oga kuma ya gwammace ya ce "an gama" da ya ce "wannan sai mai giya." Masu sayar da kaya, daga shagunan Sabon Gari zuwa Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano, a cikinsu akwai masu amana da za su gaya maka wannan na asali ne wancan jabu ne, akwai kuma masu sa jabu a kwalin na asali. Sai kuma camfin nan na cewa duk abin da aka ce ɗan Beljiyam ne ya fi sabo. A ƙarfe, sau da yawa haka ne, shaf ɗin asali da aka ciro daga wata mota yakan fi sabon jabu ƙarko. A roba kuwa sam. Robar da aka ciro daga motar 1998 ita ma 'yar 1998 ce, sa'ar wadda ta mutu a motarka. Ka sayi tsohon ƙarfe in ka ga dama, amma ka sa a yi masa sabuwar roba kafin a ɗaura, kuma ka ce a ba ka tsohon kayan da aka cire ka gani da idonka.

Mai shirin sayen mota shi ma ya kula. Injin da ya shekara ashirin ka tarar da shi yana ƙyalli kamar kwanon amarya, wanka aka yi masa da safen nan, kuma ba don a burge ka kawai ba. Ka ce a bar ta tana aiki minti ashirin a kan busasshiyar ƙasa, ka zaga da ita, ka karya sitiyari har ƙarshe dama da hagu kana saurare, sannan ka leƙa ƙasa. Dillalin da ya ce yana sauri, bar shi ya tafi da saurinsa.

Man da muke zubarwa ɗin nan kuma ba ɓacewa yake ba. Wanda ya ɗiga a kwalta yana jiran yayyafin farko, ya taso ya yi santsi, ɗan acaɓa ya zo kwana da mace da goyo a bayansa. Wanda aka juye a gareji aka tuttular a kwata, ruwan sama ne ke ɗaukarsa, kuma magudanan Samaru Kubanni suke gangarawa, inda jami'a ta datse take ɗibar ruwan sha, inda masu lambu ke ban ruwan latas da kabejin da muke saye. Mai mota yana ganin yoyonsa tsakaninsa ne da aljihunsa, alhali har wanda bai taɓa mallakar ko keke ba yana biya.

Shi ya sa ni yanzu in zan shiga motar haya a Kwangila, kafin in ba ɗan kamasho kuɗi sai na dubi ƙasan da ta tsaya, sannan in leƙa aljihun ƙofar direba. In na hango gwangwanin man birki a ciki, mota ta gaba nake jira, ko da wannan saura mutum ɗaya ta tashi.